Na'ura ta ce kai ne: wa muka nuna wa mai gadin salularmu?



Maganarmu ta yau daga unguwarmu ta taso. Muna da wani dattijo maƙwabci wanda ya yi shekara fiye da ashirin yana sauka ƙarƙashin ƙasa a Akouta, har ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe Cominak, shi da abokan aikinsa kimanin 600 suka koma gida, ban da ƴan kwangila. Tun daga lokacin abin da ke riƙe gidansa shi ne ɗan abin da ya rage masa, da abin da babban ɗansa ke aikowa daga dajin zinariya. Kwanakin baya yaron ya turo masa jika 150 a salula. Bayan kwana uku dattijo ya je cire kuɗin cefane, aka ce masa saura jika 8.

Mu muka raka shi ajans. Yaron da ke bayan kanta ya daɗe yana duba kwamfuta, sannan ya ɗago kai.

"Baba, ka yi haƙuri. Nan na'ura ta nuna kai ka tura."

"Ɗana, ni da idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan, ta ina zan tura?"

"Wallahi Baba ba a fasa komai ba. Daga salularka aka tura, kuma da yatsa aka buɗe."

To, yaron bai yi ƙarya ba, Baba ma bai yi ƙarya ba. Wannan ne ya hana mu barci, har muka ga ya kamata mu zauna mu warware wa jama'a abin da na'ura take nufi idan ta ce "kai ne", domin yanzu kuɗin rabin garin nan a bayan wannan kalmar suke kwana.

Mutumin Arlit ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan tantance mutum, a bakin ƙofa ya girma. Duk wanda ya taɓa aiki a Somaïr ko Cominak, ko ya taɓa kai kaya ciki, ya san ba ka shiga sai ka nuna baj. Waɗanda suka ga yadda aka tsananta bincike bayan harin 23 ga Mayu 2013 sun fi kowa sani. Amma ku lura da abu guda. In ka wuce ƙofa ka isa magaza ko ofishin biya, ba su ne za su sake binciken asalinka daga farko ba. Ba su da rajistar, ba aikinsu ba ne. Mai gadi ya duba, ya ce ka wuce, su kuma sun dogara da maganarsa.

Haka salula take. A cikinta akwai babbar manhaja, wadda ke tafiyar da komai. A yawancin wayoyinmu, Tecno da itel da Infinix da Samsung, sunanta Android. Sannan akwai ƙananan manhajoji da muke saukewa a kai: ta tura kuɗi, ta banki, WhatsApp, Facebook. Su ne ofisoshin cikin gida, babbar manhaja ita ce mai gadi. Lokacin da manhajar kuɗi ta ce ka ɗora yatsa, ba ita ke duba yatsan ba. Aike take yi wa babbar manhaja: tambayar mini wannan, mai wayar ne? Babbar manhaja ta kunna wurin ɗora yatsa, ta gwada da abin da ke ajiye, ta mayar da amsa, i ko a'a. Manhajar kuɗin ba ta ga zanen yatsanka ba, kamfanin ma bai gani ba. Zanen yana wani ɗaki na daban cikin na'urar, ɗakin da ko sauran sassan Android ɗin ba su leƙa shi. Kamfanin Apple ya fara sa wannan a iPhone 5s a 2013, Android kuma ta buɗe wa masu gina manhaja wannan hanya a 2015. Abin dariya, ɓangaren Android da ke duba lambar sirri da zanen nan da muke ja a gilashi, su da kansu Gatekeeper suka raɗa masa, wato mai tsaron ƙofa.

Mu dai a ganinmu wannan tsari daidai ne, kuma ba da sauƙi aka kai gare shi ba. Kalmar sirri ta kwamfuta ta fara ne a farkon shekarun 1960 a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin wani malami Fernando Corbató, lokacin da mutane da yawa ke raba kwamfuta guda. Ba a je ko'ina ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr ya sa na'urar ta buga masa takardar da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa, don kawai awannin da aka ware masa ba su isarsa. Abin ya yi masa sauƙi ne saboda kalmomin a rubuce suke ɓaro-ɓaro, kamar sunaye a littafin bashin mai shago.

Daga baya masana suka gano cewa bai kamata na'ura ta ajiye kalmar kanta ba. Niƙa ta ake yi. Ka san in ka kai gero inji ya zama gari, ba mai mayar da shi tsaba. To haka ake bi da kalmar sirri ta wani lissafi da ba ya komawa baya, a ajiye garin. Gobe in ka zo ka rubuta kalmarka, a sake niƙawa, a gwada gari da gari. In sun yi daidai ka wuce. Ɓarawon da ya sace rumbun, gari ya sata. Robert Morris da Ken Thompson na Bell Labs, a rubutun da suka fitar a 1979 kan babbar manhajar Unix, sun bayyana wani ƙari: kafin a niƙa, a barbaɗa wa kalmar kowa wasu ƴan lambobi nasa na daban, yadda ko mutum biyu sun zaɓi kalma iri ɗaya garinsu ba zai zo ɗaya ba. Sunan da suka ba wannan barbaɗin shi ne gishiri. Mu jikokin masu ayarin Bilma ba za mu yi musu gardama a kan amfanin gishiri ba. A cikin rubutun nan ne kuma suka ce sun duba kalmomin sirri 3,289, suka tarar kashi 86 cikin ɗari masu saukin cankowa ne. Wato tun 1979 halin ɗan Adam bai sake ba.

Sai matsala ta biyu. A da, kowace manhaja da ke son sanin wa ke gabanta, ita da kanta take zuwa ta buɗe rajistar ta duba. Ofishi goma, mai gadi goma, kowa da irin bincikensa, kuma in ɗaya ya yi sakaci an shiga gidan gaba ɗaya. A 1995 injiniyoyin kamfanin Sun Microsystems suka fito da tsarin da ake kira PAM: manhaja ta daina bincike da kanta, ta miƙa tambayar ga babbar manhaja, mai kula da na'urar shi zai yanke ko da kalma za a tantance, ko da kati, ko da yatsa. Har yau da shi kwamfutocin Linux ke aiki, kuma wannan tunanin ne ya gangaro har cikin salular da ke aljihunmu.

To in tsarin yana da kyau haka, ina kuɗin Baba?

Ga inda gizo ke saƙa. Mai gadi bai san mutum ba, wanda aka nuna masa ya sani. Yawancin wayoyi suna karɓar yatsu huɗu ko biyar, kuma duk yatsan da aka yi wa rajista, a wurin babbar manhaja mai wayar ne. Ba ta cewa wannan na Baba ne, wancan na ɗan ƙaninsa ne. Amsarta i ce kawai, kuma i ɗin nan ita ce ta isa ajans a matsayin "kai ka tura". Sannan ƙara sabon yatsa ba ya buƙatar komai sai lambar buɗe wayar, ko zanen gilashi. Wanda ya san wannan, minti biyu sun ishe shi ya mayar da kansa mai gida.

Da muka dawo gida muka buɗe saitin wayar Baba, yatsu uku muka tarar. Shi guda ɗaya ya sani.

Yanzu kowa ya tambayi kansa yadda ya sayi wayarsa. Ka je kasuwa, ka biya, ka ce wa mai shagon, ko wani yaro da ka zo da shi, "haɗa mini ita". Shi zai sa layi, shi zai buɗe maka adireshin Google da kalmar sirrin da kai ba ka taɓa ji ba, shi zai zaɓi zanen buɗewa, galibi harafin L ko Z. Wani don ya gwada ko wurin yatsa na aiki sai ya fara ɗora nasa, ba da mugun nufi ba, ya manta bai goge ba. Daga nan waya ta shiga gida. Yara su karɓa su yi wasa, ka faɗa musu zanen don kada su dame ka. Wuta ta ɗauke, ka kai ta wurin mai caji ka bar ta yini guda. Gilashi ya fashe, mai gyara ya ce faɗa mini kod in gwada, ka faɗa. Ga ƙurar garin nan da maiƙon hannu, in ka karkata gilashin a rana sai ka ga sawun zanen a kwance kamar sawun raƙumi a rairayi. Manhajojin ma rabinsu ba daga Play Store muke sauke su ba, ta Xender muke karɓa daga wayar aboki don tsimin kiredi, ba mu san hannun wa suka bi ba. Duk wanda ya ce bai taɓa yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ba a Arlit yake zaune ba. Mu ma da ke wannan rubutu mun yi.

Amma a nan ne za mu rabu da masu cewa laifin Baba ne, shi ya yi sakaci, a rufe magana. Ba mu yarda ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Waɗanda suka ƙera wannan tsari sun ƙera shi ne da wani irin mutum a ransu: mutum ɗaya, waya ɗaya, ya iya karatu, shi ya saita abinsa da hannunsa, ba ya ba kowa aro, yana zaune inda rezo ba ya yankewa. Irin wannan mutumin nawa ne a Boukoki? A nan waya ɗaya ta gida ce. Uwa na da layi amma ɗiyarta ke karanta mata saƙo. Tsoho na da kuɗi amma jikansa ke danna masa. Wannan ba wauta ba ce, haka rayuwarmu take, kuma kamfanonin da suka buɗe ajans a kowace kusurwa sun san da haka sarai, tunda ma'aikatansu kullum suna ganin mutum ya miƙo waya ta taga yana faɗin lambar sirrinsa da ƙarfi, layi na bayansa na ji.

Shi kansa yatsan ba kowa yake yi wa adalci ba. Ku dubi hannun mai fasa dutse a wurin zinariya, ko bakanike, ko birkila mai taɓa siminti kullum, ko matar da ke wanki da wanke-wanke, balle lokacin hunturu da fata ke tsagewa. Zanen ya side. Ya ɗora sau biyar waya ta ƙi, ta ce ya jira. A Indiya, inda aka ɗaura rabon abincin gwamnati a kan zanen yatsa ta tsarin Aadhaar, leburori da tsofaffi da yawa sun sha wannan wahala, na'ura ta ƙi shaida su. A nan me mutum zai yi in yatsansa ya ƙi? Sai ya ce wa yaro mai laushin hannu, sa naka kai dai, in ina so ka buɗe mini. Ka ga tsarin da aka yi don tsaro shi da kansa ya tura shi ya ba da makulli.

Saboda haka muna da magana da kamfanonin kuɗin salula da na aike, dukansu, ba mu ware kowa ba. Android ta ba mai gina manhaja damar ya ɗaure makullinsa ta yadda duk ranar da aka ƙara sabon yatsa a wayar, makullin ya mutu, sai an sake shiga da lambar sirrin asusun. Wannan ba alfarma ba ce, wajibi ne, wanda bai yi ba ya yi ha'inci. Amma ko an yi, ba zai ceci irin Baba ba, domin shi yatsun suna ciki tun ranar da aka sayi wayar. Abin da zai cece shi ƙanana ne kuma ba su fi ƙarfin kowa ba. Ranar da mutum zai kunna buɗewa da yatsa, a faɗa masa da murya, da Hausa da Tamashek, cewa duk yatsan da ke cikin wayar nan zai iya taɓa kuɗinka. In ma akwai irin wannan gargaɗi yanzu, da Faransanci yake, cikin rubutun da ko mai tabarau sai ya matso. Kuɗi in sun wuce wani adadi da mai asusun ya zaɓa, kada yatsa kaɗai ya isa. In za a tura babban kuɗi zuwa lambar da ba a taɓa tura wa ba, a ɗan riƙe su na wasu awanni, a kira mai asusun.

Sannan babbar buƙatarmu: a yi wa wakili ƙofarsa. Tunda an san tsoho da yaro za su yi aiki da asusu guda, me ya hana a ba yaron lambarsa ta daban, da iyakar abin da zai iya cirewa a rana, kuma komai ya yi a rubuta da sunansa? A ma'adinai ma ai ɗan kwangila na shiga, amma da bajinsa, ba da na shugaban sashe ba, kuma akwai ɗakunan da bajinsa ba ya buɗewa. Yau da yake ba a yi wannan ƙofar ba, duk mai taimako sai ya shiga da rigar mai gida, kuma ranar da aka yi ɓarna rajista ta ce mai gida ne.

Wani zai ce, to ku kuna so uba ya riƙa ɓoye wa ɗansa lamba, miji ya ɓoye wa matarsa? Ina amana? Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Shi kansa Baba da muka ce a sake lamba kada ya faɗa wa kowa, sai da ya yi shiru, sannan ya ce, "Yanzu ni da ƴaƴan cikina zan riƙa juya baya in zan danna waya?" Akwai kuma abin da ya fi wannan: mutuwa. Mun ga gidajen da mai gida ya rasu, ko hatsarin hanyar Agadas ya ɗauke shi, ko rami ya rufta da shi a daji, kuɗi na cikin waya, ba wanda ya san lamba, marayu na kallon gilashi. Wanda ya ga haka ba za ka hana shi faɗa wa wani lambarsa ba.

Amsarmu ita ce, faɗa wa mutum ɗaya da ka zaɓa da saninka daban, barin ƙofa a buɗe ga duk wanda ya taɓa riƙe wayar daban. Kakanninmu ma ba kowa a gida ya san inda ake binne tukunyar kuɗi ba, kuma ba a ce sun ci amanar iyali ba. Rubuta lambar a takarda, ka naɗe, ka sa inda kake ajiye takardun fili da na ritaya, ka faɗa wa wanda zai yi maka wasiyya. Kuma rufe lamba ba zargin ƴaƴa ba ne, kare su ne. A gidan Baba, kafin a gano gaskiya, sai da aka yi kwana biyu ana yi wa wata ƴar aiki kallon ɓarauniya, yarinyar da ko taɓa wayar ba ta taɓa yi ba. Inda kowa ke da makulli, kowa abin zargi ne, kuma mara gata ake fara nunawa.

Ɗaya ƙofar da ake shigo mana ta ita ita ce saƙon lamba shida. Wannan kam an sha faɗa, za mu taƙaita. Manhajar da ba ta tambayi babbar manhaja ba, layinka take tambaya: ta aiko lamba ta SMS, wanda ya mayar da ita shi ne kai. Shi ya sa mai kira zai ce maka daga kamfani yake, ko ya yi kuskuren turo maka lamba, ko an sa ka a rukunin masu samun tallafi, karanto masa. Ka karanta, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa, ya bi ƴan uwanka ɗaya bayan ɗaya yana roƙon jika ashirin da sunanka. WhatsApp ta sa tantancewa mai mataki biyu tun 2017, lamba ce da kai kake zaɓa, kunna ta ba ya cin minti ɗaya. Abin da ba a cika faɗa ba, kuma ya fi shafar mutanenmu, shi ne layin kansa. Da yawa an yi rajistar layinsu da katin shaidar wani, ranar da waya ta faɗi ba su da hujjar karɓo shi. Kuma layin da ya daɗe a kashe kamfani na iya karɓe shi ya sayar wa wani. Mai tafiya daji wata da watanni ya tuna da wannan kafin ya jefa sim ɗinsa a akwati.

Sai ku, ƙannenmu masu gina manhaja. Mun san kuna nan, waɗanda suka fito daga Jami'ar Agadas ko EMIG ta Yamai, da waɗanda suka koya da kansu a YouTube cikin dare lokacin da rezo ya fi sauƙi. Ku ne ke yi wa shaguna da kantunan magani da makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin adashe ƴan manhajojin lissafi, kuma muna alfahari da ku. Amma mun taɓa zama kusa da ɗayanku yana nuna mana aikinsa, ya buɗe teburin masu amfani, sai ga sunan kowa da kalmar sirrinsa a gefe, a fili, kamar 1962. Da muka yi magana ya ce ai ƙaramin shago ne, wa zai damu. Wanda zai damu shi ne mai sayar da maganin da ya sa lambar da yake amfani da ita a asusun kuɗinsa, tunda mutanenmu lamba ɗaya suke sa wa komai, galibi shekarar haihuwa. Lamba huɗu gaba ɗayanta 10,000 ce, in manhajarka ba ta kulle bayan an yi kuskure sau kaɗan, na'ura za ta gwada su duka kafin shayi ya tafasa.

Kada ku ji kunya, manya ma sun faɗa ramin. A 2009 aka sace kalmomin sirri miliyan 32 na kamfanin RockYou, duka a rubuce a fili, kuma wadda ta fi yawa a ciki ita ce 123456. A 2012 aka fitar da kusan miliyan 6 da rabi na LinkedIn, an niƙa su amma ba gishiri, aka warware yawancinsu. A Maris 2019 Facebook ta amsa cewa ta ajiye kalmomin sirrin ɗaruruwan miliyoyin mutane yadda ma'aikatanta za su iya karantawa, kuma mafi yawansu masu Facebook Lite ne, wato irin tamu ta masu ƙaramar waya da ƙaramin kiredi. A 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ireland ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 91 a kan haka. In masu dubban injiniyoyi sun zame, kai kaɗai da kwamfutarka a ɗaki kada ka ce za ka gina ƙofarka. Ka tambayi mai gadin da ke akwai. A Android akwai hanyar da aka tanada ta neman yatsa ko lambar waya, akwai ma'ajin makullai. A kwamfutar ofis kowane ma'aikaci a buɗe masa shigarsa a Windows ko Linux, manhajarka ta dogara da ita, a daina wannan al'ada ta kalma guda ga ma'aikata shida an liƙa ta da salatif a gefen allo. In dole sai ka ajiye kalmar sirri, ka niƙa ta da injin da masana suka riga suka gwada, irin bcrypt ko Argon2, ba wanda ka ƙirƙira ba. Ku tuna kuma tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, da hukumarta HAPDP. Sunan mutum da lambarsa da ke cikin kwamfutarka ajiya ce aka ba ka.

Mu koma gidan Baba. Yatsa na biyu na yaron shagon da ya haɗa wayar ne, tun shekara biyu, kuma babu abin da ya nuna ya sake ganin wayar. Na uku na ɗan ƙaninsa ne da ke kwana a zaure, wanda shi ke buɗe masa saƙon murya da dare. Da aka matsa masa ya amsa, ya ce bashi ne ya ci, da niyyar mayarwa. Muka ce a je kwamisariya, Baba ya ce a'a, ba zai kai jininsa gaban hukuma ba, kuma ba mu da bakin cewa komai. Uban yaron ya ɗauki alkawarin biya jika goma-goma duk wata. Ƴar aikin kuwa, matar gidan ta je har gidansu ta ba iyayenta haƙuri, amma yarinyar ba ta dawo ba.

Da yamma muka zauna a ƙofar gida muka goge yatsun duka uku, muka sake zanen buɗewa zuwa lamba shida, muka sake lambar asusun. Wurin dubawa ba nisa: a shiga saitin waya, a nemi sashen tsaro, a taɓa inda aka zana yatsa, za ta nemi lambar buɗewa, sannan ta jero yatsun da ke ciki. A yawancin wayoyi in ka ɗora yatsanka a nan, wanda yake naka a jerin zai yi haske. Wanda bai yi haske da ko ɗaya daga cikin yatsunka goma ba, ba naka ba ne. Na Baba sai da muka gwada yatsu huɗu kafin wayar ta karɓi ɗaya, ƙaramin na hannun hagu, shi kaɗai aikin rami ya bar wa zane.